Kifaye Biyar da Wayar da Aka Datse

Ranar Talata da safe aka tarar da kifaye biyar sun juya ciki sama a tankin gilashin marigayi Mai Agogo. Biyu ne suka rage, su ma sun taso saman ruwa suna ta buɗe baki. Fitilar da ke kan tankin a mace, injin da ke hura iska cikin ruwan ya yi shiru, kuma a bayan tebur ga wayar wuta an datse ta gida biyu.

Kafin hantsi duk benen ya ji. Gidan haya ne mai hawa uku, irin wanda in ka yi atishawa a sama, na ƙasa zai ce maka sannu. Mu mazauna cikinsa kuwa ba mu da aikin da ya fi yanke hukunci, kuma mun fi ƙwarewa a kansa in ba mu ga komai ba. Duk mun san tankin nan ba kayan ado ba ne kawai. Shi ne abin da mai gyaran agogon ya bar wa matarsa, wadda kowa ke kira Inna. Shekara uku da rasuwarsa, kullum da safe sai ta shiga ɗan ɗakinsa, ta tsoma hannu a ruwan, kifayen su zo su ci abinci a tafinta kamar yadda suka saba ci a nasa. Da hannunsa ya haɗa wayoyin tankin, kuma Inna ta kafa doka: kowa ya taɓa abin da ya ga dama a gidan, ban da su.

Ɗanta, wanda muke kira Manaja saboda babban kantin da yake kula da shi, bai ɓata lokaci ba. Ya ce mai jinyar Inna ce ta yi. Mace ce mai shekara hamsin da wani abu, muna ce mata Sannu-Sannu, don ko gobara ake yi sai ta gyara ɗankwali kafin ta tashi. Shekara shida tana yi wa tsohuwar wanka da ba ta magani. Ita ke share ɗakin, kuma makon da ya wuce an ji ta tana cewa wayar nan wata rana sai ta yi ɓarna.

"Ki haɗa kayanki," in ji Manaja. "Kafin la'asar ba na son ganinki a gidan nan."

Sannu-Sannu ba ta ce ta yi ba, ba ta ce ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta jawo jakarta. Ba ta da wani gida sai wannan, kuma wanda aka kora da sunan ya cuci tsohuwa, ba wanda zai sake ba shi amanar tsohuwarsa.

Matar Manaja ce ta sulale ta sauka ƙasa ta kira Bi-Waya.

* * *

Bi-Waya tsohon mai gyaran wuta ne da ya ajiye aiki. Shekara arba'in yana bin waya a cikin bango har ya gano inda ta lalace, sai abin ya zame masa jiki: in tukunya ta ɓata ko an fasa taga, shi ake kira, ya bi sawu kamar yadda yake bin waya. Ba ya sauri, ba ya tsawa, kuma yana da wata ɗabi'a mai ba da haushi ta yin shiru bayan ka gama magana, har sai ka ƙara abin da ba ka yi niyyar faɗa ba. Abokin Mai Agogo ne tun suna samari. Abin da ban gani da idona ba a labarin nan, daga bakinsa na ji.

Da ya shiga ɗakin, bai ko kalli kifayen ba tukuna. Ya kashe makunnin soket, ya zare filogi, sannan ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

Soket ɗin a ƙasa yake, dab da daɓe. Wayar ta taso daga nan ta miƙe sambal zuwa fitilar da ke kan tankin, ba lanƙwasa ko ɗaya. Ya bi ta da yatsa. A jikinta akwai wani farin layi, busasshen sawun ruwa, tun daga bakin tankin har cikin filogin. Ƙafafun filogin sun yi kore, gefen soket ɗin ya yi baƙi. Ya ɗaga murfin fitilar, sai ruwa ya ɗigo daga ciki. Robar da ke rufe ƙwan ta tsage, ƙarfen ciki duk tsatsa.

"Kai, abokina," ya ce a hankali. "Agogo ka iya, ba wuta ba."

A ƙarƙashin teburin ya ga wani haɗi da aka naɗe da tsohon salatif. Mai Agogo ya ɗauko wa injin iskar wuta ne daga jikin wayar fitilar, a ɓoye inda ido ba ya kai. Duk wanda ya datse wayar fitila, ya kashe injin ma, ko ya sani ko bai sani ba.

A gaban tankin akwai 'yar kujera ta katako, a kanta sawun ƙananan ƙafafu biyu. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ɗauki bakin wayar da aka datse, ya kai kusa da taga, ya sa tabarau. Ya yanki guntunta ya jefa a aljihu. Kafin ya fita ya samo kofi, ya ce wa matar Manaja ta riƙa ɗibar ruwan tankin tana zubawa daga sama, don biyun da suka rage su sami iska.

* * *

Ya fara da Tela, wanda ɗakinsa ke manne da bangon tankin. Rabin benen shi suke zargi, don ya sha yin ƙorafin gurnanin injin iskar, ga shi kuma da almakashi kamar na yankan kwano.

"Ni?" Tela ya cire tef ɗin awo daga wuyansa. "Baba, na yi ƙorafi, ban musa ba. Shekara biyu abin nan yana min zuuu a kunne. Amma wallahi jiya da ya yi shiru, kasa aiki na yi. Sai na ji kamar wani ya fita daga gidan."

"Yaushe ya yi shiru?"

"Bayan azahar kaɗan. Ina cikin ɗinkin hannun riga, wutar ɗakin can ta yi ƙas, aka kashe makunni. Bangon nan ai takarda ne. Jim kaɗan na sake jin ƙas, an kunna. Amma injin bai tashi ba."

Bi-Waya ya yi shirunsa. Tela ya jure, ya jure, ya kasa.

"To, na ji kukan yarinyar nan ma kafin nan. 'Yar Manaja. Amma yara ai kullum cikin kuka suke."

Bi-Waya ya karɓi almakashin, ya gwada shi a wata tsohuwar waya da ke aljihunsa. Ya tauna robar, ya baje zaren tagullar. Ya mayar masa.

"Almakashinka ba ya yanka waya, Tela. Ina ma mamakin yadda yake yanka yadi."

"A'a, Baba, ka wanke ni ne ko ka zage ni?"

"Duka biyun," in ji Bi-Waya.

* * *

Sannu-Sannu tana zaune a bakin gado tana ninke zannuwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar za ta kai su kanti.

"Yaya, jiya bayan azahar kina ina?" in ji Bi-Waya.

"Na je karɓo wa Inna maganin hawan jini. Layi ya yi tsawo. Ban dawo ba sai kusan la'asar."

"To me ya hana ki faɗa wa Manaja haka? Mai kantin maganin zai shaide ki."

Ta ci gaba da ninkewa.

"Kin taɓa jin wuta ta ja ki a tankin nan?"

"Sau biyu. In hannuna da ɗan yanka, sai in ji kamar an soka min allura. Na faɗa wa Inna. Ta ce sanyin ruwa ne." Ta ɗago. "Ita fatar hannunta ta yi kauri, ga takalmin roba kullum a ƙafarta. Ba ta ji. Na so in gaya wa Manaja, amma ka san shi. Tun rasuwar babansa yake neman dalilin fitar da tankin nan daga gidan."

"Kin san wanda ya datse wayar."

Ba tambaya ya yi ba. Idonta ya kawo ruwa, ta share da bakin zanin da take ninkewa, ta sake buɗe shi ta ninke daga farko.

"Baba, ni dai a bar ni in tafi. Wani abin, in aka tona shi, wanda ya fi ni rauni zai ji ciwo."

Bi-Waya ya ce min a nan ne tausayinta ya kama shi, har ya ji haushin kansa da na dukanmu da muka tsaya a matakala muna nuna ta da baki.

* * *

'Yar Manaja shekararta huɗu, muna kiranta Tsuntsuwa don ba ta taka ƙasa in akwai abin hawa. Bi-Waya ya same ta a kicin, a bayan uwarta.

"Tsuntsuwa, zo ki gaya min. Kina ba kifin Kaka abinci?"

Ta girgiza kai da ƙarfi. "Na daina. Ruwan yana cizo."

"Kifin ne ya cije ki?"

"A'a, ruwan! Na hau kujera, na sa hannu kamar Kaka, sai ya cije ni har nan." Ta nuna kafaɗarta. "Na faɗo. Kaka ta ɗauke ni, ta yi ta kuka. Ta fi ni kuka ma."

Uwar ta saki ludayin da ke hannunta. Ita tana wajen aiki jiya, ba wanda ya gaya mata. Ta sunkuya ta rungume yarinyar, tana duba hannun, tana juya shi gaba da baya.

"Ba takalmi a ƙafarki, ko?" in ji Bi-Waya.

"Ba a hawa kujera da takalmi," Tsuntsuwa ta ce, tana mamakin babba kamarsa bai san wannan ba.

Ya ce wa uwar ta kai ta asibiti a duba ta a ranar, ko da ta ga tana wasa. Sannan ya ce a tara kowa a falo kafin la'asar.

* * *

Muka taru. Manaja a tsaye yana duba agogo, Tela a bakin ƙofa, Sannu-Sannu da jakarta a gaban ƙafarta. Matar Manaja ta dawo daga asibiti da Tsuntsuwa a kafaɗa, likita ya ce ba abin da ya same ta. Inna tana kujerar mijinta, ta ƙanƙance a cikinta. Tun safe ba ta ce komai ba sai magana ɗaya da take maimaitawa, "Kada ta tafi," kuma Manaja ya ɗauka tausayin tsufa ne kawai.

"Kawu, mun gode da wahala," in ji Manaja, "amma magana ta ƙare."

"Zauna, ɗana. Ni na yi maka wankan farko da ka faɗa kwata, ba za ka tsaya min a ka ba."

Manaja ya zauna.

Bi-Waya ya ajiye fitilar tankin a kan tebur, ya karkata ta, ruwa mai tsatsa ya zubo. Ya yi bayani a taƙaice. Ruwa ya shiga fitilar, wuta tana zuba cikin tankin. Wani ruwan kuma yana bin waya yana gangarawa har cikin soket. Duk wanda ya tsoma hannu, ƙafarsa ba takalmi, jikinsa ne hanyar da wutar za ta bi.

"Jiya bayan azahar ta bi ta jikin 'yarka," ya ce. "Allah ya sa faɗuwa ta yi, hannun ya fita daga ruwan."

Manaja ya juya ya kalli matarsa. Ta gyaɗa kai. Fuskarsa ta sauya.

"Saboda haka," in ji Bi-Waya, "wanda ya datse wayar nan ba mugu ba ne. Ya kashe makunni tukuna, ya yanke wayar fitila don kada wani ya sake kunna ta, ya mayar da makunnin don injin iska ya ci gaba da aiki. Kifayen yake so su rayu. Bai san injin a jikin wayar fitilar yake shan wuta ba. Kuma da kunnensa na ji sosai, da ya ji injin bai tashi ba."

Ba wanda ya motsa. Duk mun san wanda sai an ɗaga murya yake ji a gidan nan.

Bi-Waya ya ciro guntun wayar daga aljihu. "Ku duba bakinta. Yankan ya fita tas, sai wuri ɗaya a tsakiya da zare biyu suka tsira, aka murɗe su aka tsinka. Filayar da ta yi wannan tana da giɓi a haƙorinta. Na san giɓin, don ni na yi shi. Shekara ashirin da suka wuce na ari filayar abokina, na yanki waya ban kashe wuta ba, ta yi tartsatsi ta cinye bakin. Har ya bar duniya bai daina yi min gori ba. In mun haɗu sai ya ce, ga babban mai gyaran wuta da ya ƙona min filaya."

Ya je ya durƙusa a gaban kujerar Inna, ya ɗaga murya yadda za ta ji, amma da taushi.

"Uwargida, ara min filayar nan. Akwai aikin da zan yi da ita."

Akwatin kayan aikin Mai Agogo a kulle yake tun rasuwarsa, kuma makullin yana rataye a wuyan Inna da zare. Ta daɗe tana kallon Bi-Waya. Sannan ta sa hannu ta ciro makullin.

"Ni ce," ta ce. "Ni na yanke."

"Inna!" in ji Manaja.

"Bari in gama, ɗan nan. Na ga yarinyar nan a ƙasa, idonta a kafe. Na ɗauka ta tafi. Da ta yi kuka, ban san lokacin da na buɗe akwatin ba." Hawaye suka zubo mata. "Da safe na ga kifayensa a mace, da hannuna. Na so in faɗa, sai na ji kana ihu. Na ce in na faɗa, za ka ce aikin babanka ne ya kusa kashe maka 'ya. Za ka fitar da tankin, kuma duk ranar da aka ambaci sunansa abin da za a tuna ke nan. Shi kuwa bai taɓa cutar da ko ƙuda ba. Don in ji daɗi ya haɗa fitilar nan, da idona ya fara rauni, don in riƙa ganinsu."

Ta juya wajen Sannu-Sannu.

"Na ji tsoro, na bar ki da laifina tun safe. Ke da kike wanke ni. Ki yafe min, 'yar'uwa."

"Inna, na ga zaren makullin a waje da rigarki tun jiya," in ji Sannu-Sannu. "Na san ba ki buɗe akwatin nan a banza ba. Ba komai."

"Da komai," in ji Manaja. Mutumin da ko gaisuwa a tsaye yake yi mana, sai ga shi ya zube a gaban jakar nan. "Yaya, kin faɗi gaskiya tun makon jiya, na mayar da ita shaida a kanki. Ban tambaye ki ko kalma ɗaya ba. Ki yi haƙuri, don Allah."

Tela ya fyace hanci da ƙyallen wani mai ɗinki. Mu da ke bakin ƙofa kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ni kaina da safe na ce ai dama shiru-shirun nan nata ban yarda da shi ba, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

* * *

Bi-Waya bai bar gidan ba sai da ya gama. Ya aiki Manaja da kansa ya sayo sabuwar fitila wadda aka yi don ruwa, da ɗan akwatin da ke yanke wuta da kansa da zarar ta fara zuba inda bai kamata ba. Ya ɗaga soket ɗin sama a bango, nesa da fantsamar ruwa. Ya raba wa injin iska tasa wayar. Kowace waya ya bar ta ta sauko ƙasa da soket, ta yi lanƙwasa, sannan ta hau, don in ruwa ya biyo ta ya ɗiga a daɓe. Da filaya mai giɓi ya yi aikin duka, yana yi yana mita cewa ba ta yanka.

Murfin katakon da Mai Agogo ya sassaƙa wa fitilar kuwa, ya goge shi ya mayar a kan sabuwar.

"Ka ga, aikin babanka yana nan," ya ce wa Manaja. "Wutar kawai na karɓa daga hannunsa. Dama can tawa ce."

Manaja bai sake maganar fitar da tanki ba. Da injin ya tashi, kumfa ta fara hawa, kifaye biyun suka sauka ƙasa suna zagaye. Ta bango muka ji Tela ya ce, "Yauwa!"

"Sabuwar doka, Uwargida," in ji Bi-Waya da ƙarfi. "Kafin hannu ya shiga ruwa, a kashe makunnin nan. Ke ma. Har da takalminki."

Inna ta miƙa yatsa ta kashe da kanta. Ta zuba abincin a tafinta, ta kamo hannun Tsuntsuwa, wadda ta noƙe tana leƙen ruwan. A hankali hannayen biyu suka shiga tare. Ɗaya daga cikin kifayen ya zo ya tsinci ƙwaya.

"Bai cije ni ba," in ji Tsuntsuwa.

La'asar ta yi, ta wuce. Manaja ya ɗauki jakar da kansa ya mayar ɗaki. Sannu-Sannu ta zauna a bakin gado ta fara fitar da zannuwanta, ɗaya bayan ɗaya, tana shafa kowanne kafin ta ajiye. Ta kusa awa guda tana yi, lokacin maganin Inna har ya ɗan gota, kuma ba wanda ya ce mata ta yi sauri.